Orfiyus, Mawaƙin da Hayaniya Ta Kashe

Jaruman da Girkawan da suka riƙa ba da labarinsu kusan dukkansu mutanen ƙarfi ne ko na dabara: Hirakilis da kulkinsa, Akilis da mashinsa, Odisiyus da wayonsa. Orfiyus ya fita daban a cikinsu, domin ba a san shi da wani makami ba sai garaya da murya, amma duk da haka aka jera sunansa a sahun waɗannan mazaje, har aka ce ya shiga ƙasar matattu ya fito ba tare da ya ɗaga wa kowa hannu ba. Yawancin waɗanda suka ji sunansa a yau abu guda suka riƙe, wato shi ne mutumin da ya waiwaya ya rasa matarsa. A ganina wannan waiwaye ya danne sauran labarin, alhali kuwa wanda ya bi shi daga farko zuwa ƙarshe zai tarar da wata magana da ta fi ta soyayya nauyi, cewa ikon mawaƙi duk girmansa a kunnen mai sauraro yake, kuma ranar da aka hana a ji shi ba shi da sauran abin da zai kare kansa da shi.

Homa da Hesiyod, waɗanda su ne tsofaffin mawaƙan Girka da ayyukansu suka iso gare mu, ba su ambaci Orfiyus ba ko sau ɗaya. Ambatonsa mafi tsufa da ya saura ya fito ne daga wani mawaƙi mai suna Ibikus, a ƙarni na 6 kafin Miladiyya, kuma guntun baiti ne kawai da ya kira shi mai shahararren suna, abin da ke nuna cewa tun a lokacin ba ya bukatar gabatarwa. A cikin ƙarnin ne kuma aka sassaƙa surarsa a jikin wani gini a Delfi, yana tsaye a cikin jirgin ruwa riƙe da garaya. A shekara ta 462 kafin Miladiyya mawaƙi Findar ya kira shi uban waƙoƙi, ya kuma lissafa shi cikin matafiyan jirgin Argo. A duk waɗannan babu maganar mata, babu maciji, babu waiwaye. Orfiyus na farko da Girkawa suka sani makaɗin jirgi ne.

An ce shi mutumin Tarakiya ne, yankin da a yau ya rabu tsakanin arewa maso gabashin Girka da kudancin Bulgeriya da ɓangaren Turkiyya da ke nahiyar Turai. Mutanen Atina suna kallon Tarakiyawa a matsayin masu zafin kai da shaye-shaye waɗanda ba su waye ba, don haka abin lura ne cewa gwanin da suka ɗauka shi ne mafarin waƙa sai suka ba shi asalin baƙo. Mahaifinsa sarki ne mai suna Oyagurus, ko da yake wasu ruwayoyi sun ce Afolo, allan kiɗa da waƙa, shi ne ya haife shi, mahaifiyarsa kuwa Kaliyofi ce, babba cikin allolin mata tara masu kula da waƙa da fasaha. Garayar da yake kaɗawa Hamis, manzon alloli, shi ne aka ce ya fara ƙera irinta tun yana jariri, da ƙoƙon bayan kunkuru da fatar sa da tsirkiya bakwai, ya ba Afolo ita domin ya huce daga fushin shanun da ya sace masa, daga hannun Afolo kuma ta iso ga Orfiyus. Wata ruwaya ta ƙara da cewa ya mayar da tsirkiyoyin tara, saboda adadin mahaifiyarsa da 'yan'uwanta.

Abin da ake faɗa game da kiɗansa sananne ne. Mawaƙi Simonidis ya ce tsuntsaye ba iyaka suna shawagi a kansa, kifaye suna tsalle daga cikin ruwa idan ya rera. Namun daji suna kwanciya a gabansa, koguna suna tsayawa, kuma a gaɓar Tarakiya akwai wasu itatuwa da suka tsaya a jere, waɗanda aka ce shi ya gangaro da su daga tsaunukan Fiyeriya suna bin garayarsa. A cikin duk wannan babu inda aka ce ya tilasta wa wani abu. Dutse da itace da zaki saurara suke yi, sauraron ne ke jawo su.

Wurin da aka fi nuna aikinsa a fili shi ne doguwar waƙar Afoloniyus na Rodas, ta ƙarni na 3 kafin Miladiyya, a kan tafiyar Yason a jirgin Argo zuwa Kolkis a gabashin Baƙin Teku domin ɗauko buzun rago na zinariya. Da mawaƙin ya zo lissafa jaruman jirgin, da Orfiyus ya fara, kafin ya kai kan Hirakilis. A daren da za su tashi, suna zaune a bakin teku ana ci ana sha, Yason ya yi zugum yana tunanin abin da ke gabansu, sai wani mai suna Idas, wanda giya ta riga ta hau masa kai, ya fara yi masa gori, yana cika baki cewa mashinsa ya fi Zeyus, sarkin alloli, amfani a wurin yaƙi. Idmon, mai duban jirgin, ya tsawata masa, magana ta yi zafi, saura kaɗan a ba hamata iska tun ba a je ko'ina ba. Orfiyus bai ce wa kowa ya yi haƙuri ba. Ya ɗaga garayarsa da hannun hagu ya fara waƙar yadda ƙasa da sama da teku suke a haɗe tun farko, da yadda suka rabu, da yadda aka tsara wa rana da wata da taurari hanyoyinsu. Da ya gama, in ji Afoloniyus, mazajen nan suna nan yadda suke, wuya a miƙe, kunne a buɗe, suna jiran ƙari, rigimar kuma ta bi ruwa. Ya rera wa masu faɗa labarin wata rabuwa da ta haifar da tsari, kuma ina ganin da gangan mawaƙin ya zaɓa masa wannan jigo.

Na biyu shi ne tsibirin Sirena, halittun nan masu jikin tsuntsu da fuskar mace, waɗanda zaƙin muryarsu ke sa matuƙan jirgi su manta da gida su nufi gaɓa su halaka. Kowa ya san dabarar Odisiyus, wanda ya toshe kunnuwan mutanensa da kakin zuma ya sa aka ɗaure shi a jikin jirgi. Orfiyus bai toshe kunnen kowa ba, cika su ya yi. Da ya ga abokan tafiyarsa sun fara shirin jefa igiya a gaɓa, sai ya kama wani kiɗa mai sauri da ƙarfi, har sautin garaya ya rufe muryar matan, iska kuma ta tura jirgin ya wuce. Mutum ɗaya kawai, Butis, ya ji abin da ya isa ya sa shi faɗawa cikin teku, kuma Afrodita, allar soyayya, ita ce ta tsame shi ta kai shi Sisili. Ya kamata a lura da cewa a wannan karon Orfiyus bai yi nasara don waƙarsa ta fi tasu daɗi ba, ya yi nasara ne don ta fi tasu ƙara. Ya san sarai cewa waƙar da ba a ji ba ba ta da wani iko, domin shi da kansa ya yi amfani da wannan ƙa'ida a kan wasu.

Labarin matarsa Yuridis a siffar da duniya ta san shi daga hannun Rumawa biyu ya zo, Birjil wanda ya kammala waƙarsa ta noma a shekara ta 29 kafin Miladiyya, da Obid wanda ya rubuta nasa wajen shekara ta 8 Miladiyya. A wurin Birjil, wani mai kiwon zuma da ake kira Aristiyus ne ya bi ta da mugun nufi, tana gudu a bakin kogi ta taka maciji a cikin ciyawa. Obid ya cire Aristiyus, ya mayar da abin ranar biki: allan aure ya halarta amma fitilarsa ta ƙi kamawa, sai hayaƙi mai sa hawaye, jim kaɗan kuma amarya tana yawo da ƙawayenta maciji ya sare ta a dunduniya ta mutu.

Orfiyus ya gangara ta kogon Tainaron, a ƙarshen kudancin Girka, wanda ake ɗauka ƙofa ce ta ƙasar matattu. Birjil bai faɗi abin da ya rera a can ba, ya bar mai karatu ya ƙiyasta, kuma ina ganin ya yi hikima, domin babu mawaƙin da zai iya rubuta waƙar da ta fi kowace waƙa. Obid, wanda ya koyi fasahar jawabi da shari'a kafin ya koma ga waƙa, ya rubuta ta, sai ta fito kamar hujjar mai ƙara a gaban alƙali. Orfiyus ya ce wa Haidis, sarkin matattu, da matarsa Fasefoni bai zo yawon kallo ba, bai kuma zo ɗaure karensu mai kai uku ba. Ya tuna musu cewa su ma soyayya ce ta haɗa su, ya ce dukkan mutane nan za su dawo, ita ma tasu ce idan ta cika shekarunta, don haka aro yake nema ba kyauta ba, in kuma aka hana shi to ba zai koma ba, su riƙe su biyun. Abin da ya biyo baya shi ne wurin da ya fi kowane kyau a labarin. Waɗanda ake wa azaba a can suka samu sauƙi: Tantalus ya daina bin ruwan da ke guje masa, dabaran da aka ɗaure Iksiyon a kai ya tsaya cak, ungulayen da ke cin hantar Titiyus suka ɗaga kai, Sisifus kuwa ya hau kan dutsensa ya zauna. Wannan zaman na Sisifus ya fi kukan da aka ce allolin ramuwa sun yi taɓa ni, domin mutum ne da aka yanke wa hukuncin tura dutse har abada, kuma hutunsa guda ɗaya tak da aka ruwaito tsawon waƙa ɗaya ne. Aka kira Yuridis daga cikin sababbin matattu, ta fito tana ɗingishi saboda saran.

Sharaɗin ɗaya ne, kada ya waiwaya sai sun fita. Mutane sun daɗe suna tambayar dalilin da ya sa ya karya shi. Birjil ya ce wata hauka ce ta same shi farat ɗaya, wadda ta cancanci yafiya da a ce matattu sun san yafiya. Obid ya ce tsoro ne kada ƙarfinta ya ƙare, haɗe da ɗokin ganinta. Ni abin da ya fi jan hankalina shi ne yadda Obid ya siffanta hanyar, ya ce hawa ce mai wuya, ga duhu, ga hazo mai kauri, kuma shiru ne ko'ina. Mutumin da duk rayuwarsa a kan sauti take, aka sa shi tafiya a wurin da babu sauti, da kurwa a bayansa wadda ba ta da nauyin da takunta zai yi ƙara. Bai da wata hujja cewa tana nan sai alkawarin sarkin matattu. Da kunne ya ci kowace nasara tasa, a nan kuwa kunnen bai ba shi komai ba, sai ya koma ga ido, wanda shi ne abin da aka hana shi.

Mawaƙan biyu sun rabu a kan abin da ta ce. Yuridis ta Birjil ta yi magana, ta tambaye shi wace irin hauka ce wannan da ta halaka su duka, sannan ta watse kamar hayaƙi, aka kuma ji tsawa sau uku a kan tafkunan ƙasar matattu. Ta Obid ba ta zarge shi ba, domin a cewarsa ba ta da abin da za ta yi ƙorafi a kai sai dai cewa an so ta. Kalma ɗaya ta ban kwana ta furta, wadda da ƙyar ta kai kunnensa. Na fi yarda da ta Birjil. Mace da aka dawo da ita daga mutuwa har ta hango haske tana da haƙƙin jin haushi, kuma waɗannan 'yan baitoci su ne kusan kaɗai wurin da aka bar ta ta yi magana da bakinta. Mai fiton kogin ƙasar matattu ya hana Orfiyus sake ƙetarewa. Obid ya ce ya yi kwana bakwai a gaɓa ba ci ba sha, Birjil ya ce wata bakwai ya yi yana kuka a bakin kogin Sitirimon.

Akwai alamun cewa Girkawa sun san wata siffa ta labarin wadda ba ta ƙare haka ba. A wasan kwaikwayon Yurifidis na shekara ta 438 kafin Miladiyya, Adimitus ya ce wa matarsa Alkestis da ke bakin mutuwa, da yana da harshen Orfiyus da waƙarsa da ya gangara ya dawo da ita, kuma da wuya miji ya kawo wa mai mutuwa misalin wanda ya gwada ya kasa. Aflatun kuwa ya sa wani mai magana a ɗaya daga cikin tattaunawarsa ya ce Orfiyus matsoraci ne, makaɗi kawai, wanda ya nemi shiga ƙasar matattu da ransa maimakon ya mutu don soyayya, shi ya sa alloli suka nuna masa surarta kawai suka hana shi ita. Hatta sunan matar bai tsaya wuri ɗaya ba, domin wani mawaƙi mai suna Hamesiyanaks ya kira ta Agiriyofi. Da Turawa suka zo ƙirƙiro wasan kwaikwayo na waƙa zalla, kan wannan labari suka faɗa, daga masu tsara kiɗa Feri a Fulorens a 1600 da Montebardi a Mantuwa a 1607, har zuwa Guluk a Biyana a 1762, wanda ya sa allan soyayya ya sake raya Yuridis don kada 'yan kallo su tashi da baƙin ciki.

Dalilin kisansa ma ruwayoyi sun saɓa. Eskilus, marubucin wasan kwaikwayo, ya ce bayan Orfiyus ya dawo daga ƙasar matattu ya daina girmama Diyonisus, allan giya, ya koma hawa tsaunin Fangayon kafin asuba domin ya tarbi rana, wadda yake ɗauka ita ce Afolo, sai Diyonisus ya tura masa matan da ke bauta masa. Birjil da Obid sun ce matan Tarakiya ne suka fusata domin ya juya wa mata baya gaba ɗaya. Yadda Obid ya tsara kisan shi ne abin da ya sa nake ganin labarin zare ɗaya ne tun daga tsibirin Sirena. Mace ta farko ta jefe shi da sandarta, sandar ta taɓa bakinsa ta bar tabo ba rauni. Ta biyu ta jefa dutse, dutsen yana cikin iska ya ji waƙar, ya zo ya faɗi a ƙafarsa kamar mai neman gafara. Da haka za a ci gaba har su gaji, sai matan suka ta da ganguna da sarewa da ƙaho da tafi da ihu, hayaniyar ta rufe garayar, duwatsun da suka daina jin muryarsa kuma suka fara samunsa. Wasu manoma da ke aiki kusa suka gudu suka bar fartanyoyi da manjagara a gona, da su matan suka ƙarasa shi. Ba su fi shi iya waƙa ba, kuma ba su yi ƙoƙarin hakan ba. Dabarar da ya yi wa Sirena ita aka yi masa.

Kansa da garayarsa suka faɗa kogin Hebrus, wanda a yau ake kira Maritsa ko Ebros, ruwa ya tafi da su harshen yana ta motsi, har suka isa tsibirin Lesbos. Da wannan mutanen tsibirin suke bayyana dalilin da ya sa ƙasarsu ta fitar da mawaƙa irin su Tafanda da Alkayus da Safo. Garayar an ce an ɗaga ta sama ta zama rukunin taurarin da har yau masana falaki ke kira da sunanta, inda tauraro mai haske Bega yake. Fausaniyas, wanda ya zaga Girka a ƙarni na 2 Miladiyya, ya ce mutanen Diyon da ke gindin tsaunin Olimfus sun nuna masa wani kogi da ke nutsewa cikin ƙasa ya sake ɓulla a gaba, suka ce ya yi haka ne don kada matan su wanke jinin a cikinsa.

Akwai wani ɓangare na sunansa da masu labarin soyayya ba su cika taɓawa ba, alhali a zamanin Girkawa shi ya fi tasiri. Tunda ya ga ƙasar matattu ya dawo, sai aka ɗauke shi masanin abin da ke can, aka riƙa jingina masa littattafan addini. Mabiya wannan tafarki ba sa cin nama, ba sa binne mamaci da tufar ulu, suna kuma ganin rai a tsare yake a cikin jiki. Aflatun ya yi ba'a ga masu yawo ƙofar attajirai da tarin littattafan Orfiyus suna sayar da tsarki daga zunubi. A kaburbura a kudancin Italiya da Kirit da Tesaliya an tono 'yan siraran faifan zinariya da aka binne tare da matattu, an rubuta musu a kai maɓuɓɓugar da za su guje wa, da tafkin tunawa da za su nema, da abin da za su faɗa wa masu gadi, wato cewa su 'ya'yan ƙasa ne da sama mai taurari. A 1962, kusa da birnin Tasalonika, a wani wuri mai suna Dabeni, aka samu naɗaɗɗen littafi rabinsa a ƙone cikin tokar wutar da aka ƙona wata gawa, wanda ya kai ƙarni na 4 kafin Miladiyya. Yana daga cikin tsofaffin littattafan da aka taɓa samu a nahiyar Turai, kuma abin da ke cikinsa sharhi ne a kan wata waƙa da aka jingina wa Orfiyus. Akwai kuma tarin waƙoƙin yabon alloli 87 da ke ɗauke da sunansa, waɗanda aka tsara a zamanin daular Rum, ƙarnoni bayan duk wani lokaci da za a iya cewa ya rayu.

Tun a da ɗin ma ba kowa ya yarda ba. Sisero, marubucin Rum, ya ruwaito cewa Aristotal ya ce ba a taɓa yin wani mawaƙi mai suna Orfiyus ba, kuma marubuta da dama sun ɗora yawancin waƙoƙin a kan wani mutumin Atina mai suna Onomakiritus, na ƙarshen ƙarni na 6 kafin Miladiyya. Shi wannan mutumin yana da tabo a wannan fanni, domin Herodotus ya ba da labarin cewa an kama shi dumu-dumu yana cusa nasa annabcin cikin na Musayus, abokin Orfiyus a tatsuniya, cewa tsibiran da ke kusa da Lemnos za su nutse a teku, kuma saboda haka Hifakus, ɗan mai mulkin Atina, ya kore shi daga birnin.